Kasuwa da Hanya: Sauye-sauyen Ciniki a Gwandu da Kalgo Daga 1853 Zuwa 2023

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Gwandu sun fi ba da ƙarfinsu ga abubuwa biyu, watau jihadi da sarauta. Duk wanda ya nemi sanin yaƙin Alwasa na 1805, ko jerin sarakunan da suka gaji Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ko littattafan da malaman Gwandu suka wallafa, ba zai sha wuya ba, gama an rubuta su da Larabci da Turanci da Hausa. Amma in ya tambayi inda talakawan waɗannan sarakuna suke sayen gishiri, ko irin mudun da ake auna musu gero da shi, sai ya tarar takardu sun yi tsit. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta leƙa wannan ɓangare da aka bari, ta hanyar duba kasuwannin garuruwa biyu na masarauta ɗaya, Gwandu da Kalgo.

Dalilin haɗa su shi ne, sa'ad da ɗaya take tashe, ɗayar tana kwance. Gwandu ta riƙe tutar rabin daular Usmaniyya, amma kasuwarta ba ta taɓa kai girman sunanta ba. Kalgo kuwa gari ne na hakimi, ba ta taɓa zama fadar sarki ba, amma yau wanda ya ratsa ta da mota zai ga ciniki ya cika bakin titi tun daga shiga har fita. Abin da nake so in nuna shi ne, a wannan yanki kasuwa hanya take bi, da kuma zaman lafiyar da ke kan hanyar. Sarauta kuwa, kome girmanta, ba ta iya jawo kasuwa zuwa inda matafiya ba sa bi.

Na dogara ne ga abubuwa uku: rubuce-rubucen ƙarni na 19, da hirarrakin da na yi da dattawa maza da mata na garuruwan biyu, da kuma abin da na gani da idona tun ina yaro ina bin kakata cin kasuwa. Na san masana tarihi suna ɗari-ɗari da tunanin tsofaffi, domin tsoho kan ga jiya ta fi yau daɗi ko da kuwa jiyan da yunwa ya kwana. Saboda haka na yi ƙoƙarin auna abin da suka faɗa mini da abin da aka tabbatar a rubuce.

2.0 Kasuwa a Idon Masu Jihadi

Kada a ɗauka shugabannin jihadi ba su kula da kasuwa ba. Cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ya jera halayen mulkin sarakunan Haɓe da ya ƙi, ya ambaci naman da mai kula da kasuwa ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa, da audugar da sauran kayan da ake ɗiba daga masu saye da sayarwa, wanda ake kira agama. Malam Abdullahi shi ma ya yi bayanin aikin muhtasibi, mai duba awo da hana algus, har ma ya wallafa littafi musamman a kan hukunce-hukuncen ciniki domin amfanin jama'a, watau Kifayatul Awam fil Buyu'i. Ke nan garin da ya zauna a cikinsa bayan rasuwar Shehu a 1817, har Allah ya karɓi ransa, gari ne da aka san fiƙihun kasuwa ƙwarai. Sai dai sanin hukuncin ciniki daban, samun masu ciniki daban.

3.0 Kasuwar Gwandu a Zamanin Halilu

Bayani mafi daɗewa da muke da shi daga bakin wanda ya shiga kasuwar Gwandu da ƙafarsa shi ne na Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Ya iso Gwandu cikin watan Mayu 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, ya tashi a farkon Yuni, sa'an nan ya sake biyowa ta nan cikin 1854 a hanyarsa ta dawowa daga Tambutu. Halilu, wanda aka sani da tsentseni da gudun duniya, bai yarda sun gana ba. Amma a Gwandu ne Barth ya sami aron Tarihus Sudan, babban littafin tarihin Sanwai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya daga ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin dukiyar da garin ya tara: littattafai ne da malamai.

Kasuwar kuwa ba ta burge shi ba ko kaɗan. Ya ce ƙarama ce, ba ta dace da babban birnin ƙasa mai faɗi haka ba. Duk da haka ya yaba abubuwa uku. Na farko ayaba, wadda ake nomawa a kwarin da ya ratsa garin. Na biyu albasa, wadda ya ce tana da yawa tana da kyau. Na uku sawaye, watau ƙyallayen da masaƙan Gwandu ke saƙawa, waɗanda ya ce ba su da makusa wajen inganci, ko da yake rinin garin bai kai na Kano da na Nufe sheƙi ba. Ya kuma ce ana neman wannan tufafi har Liptako, wadda yanzu take cikin ƙasar Burkina Faso. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa, musamman albasa da sawaye, domin za mu sake gamuwa da su, ɗaya da rai, ɗaya a mace.

To, me ya hana kasuwar girma? Dalili na farko tsoro ne. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, ya kafa kansa a Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Daga nan hanyar yamma, wadda ta bi ta Kambaza da Gulumbe da Birnin Kabi, ta sauka fadama ta Zuguru da Diggi zuwa Zogirma da kwarin Foga inda ake dafa gishiri, ta zama hanyar sai-da-rai. Ita ce Barth ya bi da ya bar Gwandu, kuma Zuguru da Diggi yau cikin ƙaramar hukumar Kalgo suke. Falke ba ya kai jakunansa inda mahara ke tsare hanya. Yaƙin nan ya ci Sarkin Gwandu Haliru a 1860, daga nan sarakuna suka riƙa zama a Ambursa domin tsaron bakin daga. Ko sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1867, bai wuce shekara takwas ba aka koma gidan jiya.

Dalili na biyu, wanda a ganina ba a cika lura da shi ba, shi ne yadda dukiya take shigowa garin. Gwandu tana karɓar gaisuwa daga Nufe da Ilori da Yawuri da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Riguna da dawaki da wuri da bayi suna isowa, amma ta zauren sarki suke shiga, ba ta kasuwa ba. Daga zaure kuma sai a rarraba su kyauta da sadaka ga malamai da 'yan uwa da baƙi. Malamin da aka aiko wa riga daga fada ba shi da bukatar dillalin riguna. Saboda haka ana iya samun gari cike da kaya masu tsada a cikin ɗakuna, alhali kasuwarsa ba ta wuce ta cefane ba.

Ciniki dai ruwa ne, in an tare shi nan sai ya ɓulle can. Ya ɓulle a Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 bayan faɗuwar Kalambaina. Jega tana bakin gulbi, tana kudu da fagen fama, kuma tana kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular baki ɗaya. Watau ƙasar Gwandu ta sami babbar kasuwa, amma ba a garin Gwandu ba.

4.0 Zuwan Turawa

A taƙaice zan bi ta kan wannan zamani. Bayan tawayen Satiru na 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu, suka naɗa Haliru Abdu, mazaunin sarauta kuma ya tabbata a Birnin Kabi. Sunan masarauta bai sake ba, amma sarki da alƙalinsa da ma'ajinsa da dogarawansa duk sun bar garin da ya ba ta suna. Aka bar Gwandu da hubbaren Malam Abdullahi da makarantunta da fadamarta. Daga baya da aka shata babbar hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega da Yawuri, ita ma sai ta bi ta Tambuwal ta wuce, ta bar Gwandu a gefe. Mai nufin garin sai ya ratse.

Kalgo kuwa wannan sauyi alheri ya zame mata. Ta sami kanta tsakanin sabuwar fada da tsohuwar kasuwa, watau tsakanin Birnin Kabi da Jega, kuma daga gare ta hanya ta rabu zuwa Bunza da Kamba da iyakar ƙasar Faransawa. Muhimmancinta ya fito fili in an lura da waɗanda aka riƙa turawa su riƙe ta da sarautar Sarkin Gobir: daga Kalgo Yahaya ya hau gadon Gwandu a 1938, daga can kuma Haruna Rashid ya hau a 1954.

A wannan zamani ne kuma kuɗi suka sake. Gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, aka kawo anini da ɗari da kwabo masu huji a tsaka, da taro da sisi da sule. Amma wuri bai mutu rana ɗaya ba. Tsofaffin matan da na zanta da su sun ji daga iyayensu cewa an daɗe ana sayen ƙananan abubuwa da shi, irin su kuka da barkono da ƙuli-ƙuli, domin ko anini ya fi ƙarfin abin da mace take bukata na miyar yini ɗaya.

5.0 Kasuwar da Dattawa Suke Tunawa

Idan dattijon Gwandu ko na Kalgo ya ce "kasuwar da", abin da yake nufi shi ne kasuwar tsakanin 1950 da wajen 1975, domin ita ya gani. Bayanin mutanen garuruwan biyu ya zo kusan ɗaya, abin da ke nuna cewa a lokacin babu wani babban bambanci tsakaninsu.

Kasuwa a wancan zamani rana ce kafin ta zama wuri. Tana ci sau ɗaya a mako, garuruwan yanki kuma sun raba ranaku tsakaninsu, yadda ɗan koli zai iya kwashe mako yana zagayawa da jakinsa ko kekensa, yau nan gobe can. Sauran kwanaki shida fili ne kawai, da rumfunan kara da zana, awaki na kwance a ciki. Sai 'yar kasuwar yamma ta masu tsire da masu tuwo da 'yan mata masu talla. Ba ta fara cika sai hantsi ya dubi ludayi, gama mutanen ƙauye da ƙafa suke zuwa, ta yi tsakiyar ci bayan azahar, ta watse kafin almuru domin kowa ya kai gida da sauran haske.

Kowace sana'a da layinta, kowane layi da shugabansa. Sarkin kasuwa shi ke raba wurin zama, shi ke sasanta rigima kafin ta kai gaban alƙali. Sarkin pawa, kamar yadda muke faɗa a nan yamma, shi ke duba dabbar da za a yanka, makaɗan kalangu kuwa su ke sanar da gari cewa nama ya faɗi. Akwai ma'auna a layin hatsi, da dillalai a kara inda ake cinikin shanu da tumaki, da masu gishiri da kanwa, da maƙera da dukawa da masu tukwane, da wanzamai a gindin itace suna aski da ƙaho. Matan Fulani suna gefe da ƙoren nono da man shanu, kusa da masu hura. A Kalgo layin kifi da na shinkafa sun fi girma saboda kusancin fadamar gulbi. A Gwandu kuwa albasa da rake da kayan lambu, da layin masaƙa.

Wannan layi na masaƙa shi ne abin da tsofaffin Gwandu suka fi jimami. Sun ce kusan kowane gida akwai mace mai kaɗi. Takan sayi auduga ran kasuwa, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zare da abawa cikin mako, ta aiko da su kasuwa ta gaba. Masaƙi ya saya ya saƙa fari ko saƙi ko gwado, marini ya rina, maɗinki ya ɗinka. Kuɗi ɗaya sai ya ratsa hannu biyar bai bar gari ba. Da shi tsohuwa take tara wa jikarta kayan ɗaki. Akoko da atamfa na kanti suka fara rage wannan ciniki, sa'an nan masaƙun zamani, tun daga na Kaduna da aka buɗe a 1957, suka ƙarasa shi. Abin ban takaici, su ma masaƙun Kadunan yau a rufe suke, yadin da ke rumfunan Gwandu kuwa mafi yawansa daga Sin yake zuwa. Sawayen da aka taɓa nema har Liptako, yanzu yaron Gwandu bai san ma'anar kalmar ba. Na gwada tambayar ɗalibaina a aji, waɗanda yawancinsu 'yan wannan yanki ne, ba wanda ya amsa.

A nan ne ya kamata a yi hattara da daɗin bakin tsofaffi. Sukan ce a da babu ha'inci, mudu mudu ne. Amma in hira ta yi nisa, su da kansu suke ba da labarin ma'aunin da ke bubbuge gindin kwano, da mai nonon da ke ƙara ruwa, da ɗan sane da aka kama aka yi wa atule. Da babu algus a da, da malaman ƙarni na 19 ba su ɓata tawadarsu a kansa ba. Abin da ya bambanta shi ne, a da mai saye ya san mai sayarwa, ya san ubansa, ya san ƙofar gidansu. Kunya ce take aikin da hukuma ba ta iya yi. Haka kuma sukan manta da cewa a kasuwar nan ce, lokacin farin 1973 da 1974, aka ga makiyaya daga arewa suna ba da saniya a kan abin da bai kai kuɗin buhun gero ba.

Ni kaina na riski ƙarshen wannan tsari. Cikin shekarun ƙarshe na 1990 nakan bi kakata, wadda take sayar da daddawa, in ɗaukar mata faifai da tabarma. Wurin zamanta ɗaya ne kullum, a gindin wata bishiya, kuma ta ce nan uwarta ta zauna. Ba ta da takarda, ba ta biyan haya, amma ba wanda zai shimfiɗa tabarma a wurin ko da ta yi wata ba ta zo ba. Rabin yininta ba ciniki take yi ba: a nan take jin wanda ya rasu a ƙauyuka, da wadda ta haihu, da wanda ya dawo daga ci-rani, a nan take ba da saƙon goron biki, a nan take zuba adashi. Da ta rasu, wurin bai yi shekara ba aka kafa rumfar kwano a kai.

6.0 Kwalta da Jiha

Abin da ya raba Kalgo da Gwandu sosai ya faru ne daga tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka zo aka shiga shimfiɗa kwalta. Mota ta kashe zango. A da baƙon da ya zo cin kasuwa sai ya kwana, yana da mai masauki wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Da a-kori-kura ta samu, sai mutum ya zo da safe ya koma da yamma. Mai masauki ya rasa abin yi, 'yan kamasho suka gaje shi, tasha ta zama zuciyar gari.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, da hedkwata a Birnin Kabi, wadda ba ta kai kilomita 20 daga Kalgo ba. A 1996 Kalgo ta sami ƙaramar hukumarta, aka cire ta daga Bunza. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta fara aiki a mazaunin wucin gadi a Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Jiha kuma ta gina babban asibiti a garin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo irin mutumin da tsohuwar kasuwa ba ta san shi ba, watau mai albashi da ɗalibi da ɗan jinya. Waɗannan ba sa noma abin da za su ci, ba su da rumbu, ba sa kuma iya jiran ranar kasuwa. Suna son burodi da safe, da ruwan leda da rana, da katin waya da dare. Sai 'yan tireda da masu shayi da masu kemis da masu gyaran waya suka jeru a bakin titi, inda mota ke tsayawa. Kasuwa ta tashi daga rana ɗaya ta koma kullum, ta tashi daga fili ɗaya ta miƙe tare da kwalta.

Ranar kasuwa ba ta mutu ba, har yanzu mutanen ƙauye suna cika ta, a kan babura maimakon jakuna. Amma manyan kaya sun fara kauce mata. Misali mafi bayyana shi ne shinkafa. Bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, aka kuma sami manyan injinan gyaran shinkafa a Birnin Kabi da Argungu, sai wakilan masu saye suka riƙa bin manoma har bakin fadama da buhuna da sikeli. Manomi ya sami kuɗi a dunƙule, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma matan da suke sayen 'yan kwanoni ran kasuwa su turara su surfa su sayar, sun tarar abin da ke isowa layin hatsi ya ragu, ya kuma yi tsada. Sana'arsu tana neman bin sawun ta masu kaɗi.

Gwandu fa? Ita ma ta sami ƙaramar hukuma da makarantu da shaguna, ba a ce ta tsaya cik ba. Albasar da Barth ya yaba tana nan, har ta fi ta da yawa, tun da injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Sai dai sunan albasar yankin yanzu Aliero ya tafi, domin a can manyan motoci suke lodi zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Abin da Jega ta yi wa Gwandu a ƙarni na 19, shi Aliero ta maimaita a ƙarni na 20, kuma dalilin bai sake ba: ita ce a kan hanya. Baƙin da Gwandu take samu da yawa masu ziyarar hubbare ne, su kuwa guzurinsu addu'a ce da sadaka, cinikinsu bai wuce na abinci da tasbaha da 'yan littattafai ba.

7.0 Ranakun da Kuɗi Suka Ɓace

Akwai abu ɗaya da tsoho da yaro suka yi tarayya wajen tunawa, shi ne canjin kuɗi. Na 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ya zo da sauƙi, har mutane suka ci gaba da lissafinsu na da: naira 2 fam ce, naira 200 jaka ce, kuma har gobe a kara ana jin dillali yana ambaton jaka. Na Afrilu 1984 shi ne mai zafi. Gwamnatin soja ta sake launin takardun kuɗi, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai 1986. Mutanen ƙauye da ba su da asusun banki suka yi asarar abin da suka binne cikin tukwane. Kalgo ta ji rufe iyakar fiye da Gwandu, domin hanyar Kamba ita ce rabin arzikinta. Haka ta sake ji daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Garin da ya ci amfanin hanya, shi ne yake fara kwana da yunwa ran da aka datse ta.

A farkon 2023, bayan da aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, na je kasuwannin biyu cikin mako ɗaya. A bakin titin Kalgo ciniki bai tsaya ba, sai dai ya koma waya: mai shago yana karɓar tiransifa, mutane sun yi layi gaban masu POS suna sayen kuɗi da kuɗi. A cikin fili kuwa, inda matan ƙauye suke, da wuya ka ga mai asusu. Na ga Bafulatana ta ba da nono an auna mata gero, na ga mai kuka ta karɓi albasa a madadin kuɗinta. Wata tsohuwa da ta san kakata ta ba ni daddawa bashi ba tare da na roƙa ba, ta ce in kawo kuɗin duk ran da gwamnati ta sako su. Ban sami kai mata ba sai cikin watan Afrilu, bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.